Jirgin Daren Juma'a

Shafi na 23

Sannunku da jira. Masu tambayar abin da ya sa Madina ta nace sai ta biyo ta Alƙahira, yau za ku ji daga bakinta. A karanta a hankali.

Ƙarfe goma da 'yan mintuna na safiyar Juma'a, ana yayyafi, Roseline ta shigo gidan Malam Uzairu tela a unguwar Kongo-Rasha cikin Jos, rungume da kwamfutarta cikin leda. Tsakar gida cike take da mata, wasu na suyar dubulan a ƙarƙashin rumfa, wasu na tankaɗe. Gobe Asabar ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura auren Hussaina, autar gidan.

Ba ta tsaya ko'ina ba sai ɗakin Inna Tabawa, uwar amarya.

"Mama, ina kwana? Ya gajiyan biki?"

"Gajiya tana gaba, Roseline. Zauna. Kin samo mata?"

"Na samo. Kujera ɗaya tak ya rage, na riƙe shi har ƙarfe sha biyu. Amma 'yarki ya ƙi."

Roseline 'yar maƙwabta ce. Tare suka taso da Madina, yayar amarya, tun suna layin ɗiban ruwa a famfon bakin titi. Yanzu tana da ɗan ofishin sayar da tikitin jirgi a kasuwar Taminus. Ita ta yanka wa Madina tikitin zuwa Ingila bara, lokacin da aka tura ta daga wurin aikinta na Vom ƙarin karatun likitancin dabbobi, ita kuma ta yanka mata na dawowa.

Hussaina na zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, ta baza hannuwa sama don kada zanen lalle ya goge. Wayarta ta hau ƙara a gefenta.

"Anti Roseline, taimaka min. Yaya Madina ce."

"Wannan ba lambanta ba ne."

"Ta Obiageli ce, wadda suke ɗaki ɗaya. Wayar Yaya ta faɗa ruwan wanke-wanke shekaranjiya, ta mutu murus."

Roseline ta amsa, ta jingina wayar da fulas ɗin shayi. Fuskar Madina ta bayyana, ta sha rigar sanyi, bayanta akwatuna biyu a ɗaure.

"Amarya! Kai, wannan lalle haka? Ango zai gane ki kuwa?"

"Yaya, bar maganar lalle. Inna na jiranki."

"Inna, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ba gaisuwa ta tara mu ba. Roseline, sake faɗa mata a gabana, yadda ni ma zan gane."

Roseline ta buɗe kwamfuta, ta gyara zama.

"To, Mama, hanya biyu ne. Na farko, jirgi ya tashi Landan ƙarfe goma na dare yau, kai tsaye, ba ya tsayawa ko'ina. Da asuba yana Abuja. Direba na jiranta, su biyo ta Akwanga, kafin ƙarfe goma tana cikin ɗakin nan tana ɗaura ɗankwali."

"Alhamdu lillahi. Na biyun fa?"

"Na biyun shi ne wanda yake hannunta. Ta tashi ƙarfe uku na yamma, ta sauka Alƙahira, ta canza jirgi, ta sauka Kano wajen ƙarfe uku na dare. Ta jira gari ya waye, ta shiga mota. In komai ya tafi daidai, za ta iso ana shafa fatiha."

"In bai tafi daidai ba fa?"

"Tsakanin saukanta da tashin jirgin Kano awa ɗaya da rabi ne. In na Landan ya yi latti kaɗan, shi ke nan. Wani jirgin Kano sai Lahadi."

Inna ta juya ga wayar.

"Kin ji?"

"Na ji, Inna."

"To me ya rage? Mutum zai je nan Bukur, ya ce sai ya fara biyawa ta Bauchi?"

Madina ta yi 'yar dariya.

"Inna, ƙafafuna ne. In na daɗe a zaune kumbura suke. Gara in sauka a hanya in ɗan taka."

Roseline ta ɗaga kai.

"Madina, abeg. Na kai tsaye awa shida ne. Naki biyar ne da wani biyar. Wane ƙafa ne ya fi son goma a kan shida?"

Hussaina ta fashe da dariya, har ta kusa dafa tabarma da hannun lalle.

"To, akwai turare," in ji Madina da sauri. "An ce turaren filin jirginsu ba irinsa. Ina so in saya wa amarya."

"Ni na yafe," in ji Hussaina. "Turaren da Gwaggo ta kawo daga Maiduguri ya ishe ni har in yi jika. Ke nake so, ba turare ba."

Sai ta ƙanƙance ido, ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Tsaya tukuna. Yaya, ko dai wani Balarabe ne?"

"Ke, Hussaina!"

"Wallahi Inna duba ta, ta sunkuyar da kai! Anti Roseline, biki biyu za mu yi!"

"In Balarabe ne ni zan yanka masa tikiti, da ragi," in ji Roseline.

Su biyun suka yi ta dariya. Inna ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon fuskar da ke cikin wayar, sannan ta ce, "Roseline, tura min ƙofar nan."

Roseline ta tashi ta rufe. Hayaniyar tsakar gida ta ja baya.

"Madina."

"Na'am, Inna."

"Tun kina 'yar shekara biyar, in za ki yi min ƙarya sai kin taɓa kunnenki na hagu. Yau sau uku kina taɓa shi."

Madina ta sauke hannunta a hankali.

"Ban taɓa hana ki abin da kika ga ya dace ba. Kika ce shanu za ki karanta, na ce to. Kika ce za ki Turai, na ce Allah ya kiyaye hanya. Amma wannan garin da kike cewa sai kin sauka a cikinsa... Ya riƙe min ɗaya shekara tara. Ba zan miƙa masa ta biyu ba, ko na awa ɗaya da rabi ne."



Kowa a ɗakin ya san wanda take nufi, ko da yake ba ta faɗi sunansa ba. Ba ta taɓa faɗa ba, ɗan fari ne. Jabir ya tafi Alƙahira karatun likita yana ɗan shekara ashirin, unguwa duka ta koma kiran Malam Uzairu da Baban Dakta. A shekara ta uku karatun ya gagare shi, ya ɓoye, sai a bakin wani ɗalibi da ya zo hutu mahaifinsa ya ji. A ranar Malam Uzairu ya kira shi a waya ya ce kada ya sake tako masa gida sai da takardar likita a hannu. Jabir ya ce to. Daga nan lambarsa ta daina shiga. Sai dai duk Sallah saƙo kan shigo wayar Inna daga baƙuwar lamba, kalma biyar ko shida, yana lafiya, a yi masa addu'a.

Madina ta share ido da hannun riga.

"Inna, shi zan ɗauko."

Inna ba ta motsa ba.

"Me kika ce?"

"Yaya Jabir. Shi zan ɗauko. Tare za mu shiga jirgin Kano."

Hussaina ta ƙwalla ƙara, ta rufe baki da hannu biyu. Sai da ta sauke su ta tuna da lalle, ga shi ya yi mata gashin baki baƙi ƙirin.

"Yesu!" in ji Roseline. "Amarya, fuskanki!" Ta zaro tsumma tana goge mata. "Madina, ke muguwa ne. Wata uku kina sa ni ina miki wa'azin jirgi, ashe abin da kike ɓoyewa ke nan?"

"Ya ce kada in faɗa wa kowa. Ya ce in labari ya riga shi isa gida, ba zai zo ba."

Inna ta jawo wayar daga jikin fulas, ta riƙe ta da hannu biyu kamar za ta zube.

"Kin gan shi? Da idonki?"

"A waya, Inna. Kusan kullum, wata huɗu ke nan. Wata 'yar unguwar Naraguta da ke karatu a can ce ta sa hoton wani shago, ta ce duk mai kewar gida ya je, mai shagon ɗan Jos ne. Ina ganin hoton na gane tsayuwarsa."

"Ya rame?"

"Ina fa! Ya yi ƙiba, har da tumbi. Ya tara gemu. In ya yi dariya dai shi ne, bai canza ba."

"Shagon mene ne?" in ji Hussaina.

Madina ta yi murmushi cikin hawaye.

"Gidan burodi. Shi da wani tsoho Bamisire da ya koya masa. Mutum shida ke aiki a ƙarƙashinsa. Inna, layi ake yi tun asuba. Har wani burodi yake yi mai kwakwa irin na bakin Taminus, ɗaliban Najeriya sun sa masa suna ɗan Jos."

"Burodi," in ji Inna, kamar tana ɗanɗana kalmar. Sai dariya ta kufce mata, hawaye na zuba. "Ai kuwa. Yaron da in na aike shi sayen burodi sai ya cinye cikin ya kawo min ɓawon."

"To ai ba a yi asara ba, Mama," in ji Roseline. "Baba yana nan Baban Dakta. Ga daktan shanu, ga oga mai burodi. Shayi kawai ya rage, madara da burodi sun samu."

Dariya ta sake cika ɗakin. Wata daga tsakar gida ta ƙwanƙwasa tana tambayar ko lafiya, Hussaina ta ce lafiya lau, hirar amare ce.

Inna ta goge fuska da gefen mayafi.

"To me ya hana shi tahowa tuntuni? In kunyar mahaifinku ce, ai ni ina nan."

"Tsoro yake ji, Inna. Sau biyu yana sayen tikiti yana fasawa. Ya ce shi ba zai iya tsayawa a ƙofar gidan nan shi kaɗai ba. Ya ce sai dai in ina gaba yana bayana, in fara shiga in yi magana da Baba, in an ce ya shigo ya shigo, in an ce ya koma ya koma. Shi ya sa na ce wa Roseline ta Alƙahira nake so. In na bi na kai tsaye zan ga ɗaurin aure, amma Yaya ba zai zo ba. Ban san kuma yaushe zai sake yarda ba."

Hussaina ta kalli hannuwanta da suka dame.

"Yaya Madina."

"Na'am, amarya."

"Bi ta can. Ko kun makara. Ko sai Lahadi. Ɗaurin aure ai maza ne ke yi a masallaci, ni ma ba zuwa zan yi ba. Ki kawo min Yaya."

"Kin tabbata?"

"In kika zo babu shi ma ba zan yi miki magana ba."

Roseline ta ja numfashi, ta kai hannu kan kwamfuta.

"To, in saki kujeran Abuja ke nan?"

"Dakata," in ji Inna. "Ina so in san lokacin da zan fara addu'a. Shi yaushe zai fito filin jirgin? Ya san lokacin saukarki?"

"Ya sani. Tun ranar Litinin na tura masa saƙon murya. Na ce ya sayi kujera a jirgin Kano na sha ɗaya da rabi, daren Juma'a, mu haɗu a ƙofar shiga. Ya ce an gama, har ya saya."

Inna ta ɗago kai.

"Daren me?"

"Daren Juma'a."

"Haka kika ce masa? Da bakinki?"

"Eh mana."

"Ba ki faɗi kwanan wata ba?"

"Inna, mako ɗaya ne, Juma'a nawa ce a cikinsa?"

Inna ta ajiye wayar a kan cinyarta, ta sake ɗauka.

"Madina, yau wace rana ce?"

"Juma'a."

"Darenta fa?"

"Anjima, in rana ta faɗi."

"Anjima daren Asabar ne, 'yar nan. Daren Juma'a jiya ne."

Roseline ta dubi Hussaina, Hussaina ta dubi Roseline.

"Mama, ban gane ba," in ji Roseline. "Mu in an ce akwai addu'a a coci daren Juma'a, ranan Juma'a ne da dare muke zuwa."

"Mu ma a makaranta haka muke faɗa," in ji Hussaina.

"Ku ke nan. A wurinmu dare ne ke gaba, yini ya biyo shi. Ba ku ga da dare ake ganin wata ba, a yi asham, sannan a wayi gari da azumi? Daren Sallah kuma yaushe ne, ba daren da ake kwana ana kitso ba? Jiya da magariba da na kunna turaren wuta na ce ku yi salati, me na ce muku?"

Hussaina ta buɗe baki a hankali.

"Kin ce daren Juma'a ne."

"To."

A cikin wayar, Madina ta miƙe tsaye.

"A'a. A'a, Inna. Ai zai gane abin da nake nufi. Ai ya san..."

"Yayanku a gaban mahaifinku ya yi karatun allo. Ya kuma yi shekara tara cikin Larabawa. Ke a ganinki wanne zai ɗauka?"

"Da ya kira ni!"

"A wace wayar?" in ji Roseline. "Wanda yake cikin ruwan wanke-wanke?"

"Innalillahi." Madina ta dafe kai. "Obi! Obiageli! Ara min kwamfutarki, don Allah, yanzu!"

Hoton ya karkace, sai rufin ɗaki suke gani, da ƙarar jan kujera, da muryar wata tana tambaya da Turanci ko lafiya. Inna ta rufe ido, leɓɓanta na motsi. Hussaina ta matso ta jingina da kafaɗarta, ta manta da lalle gaba ɗaya.

Fuskar Madina ta dawo. Hasken kwamfuta na kanta.

"Ya turo imel. Jiya da dare, sha ɗaya da minti goma."

"Karanta," in ji Inna.

Madina ta fara karantawa.

"Madina, ina ƙofar shiga tun ƙarfe tara. Na kira wayarki ba ta shiga. Na leƙa fuskar duk wata baƙar mace da ta zo wucewa, har wata ta harare ni. Yanzu sunana suke kira a lasifika, ni kaɗai na rage. Sau biyu ina ɗaukar jakata zan koma. Amma na san halina, in na fita daga nan ba zan sake dawowa ba. Zan shiga. Ban san abin da zan ce wa Baba ba. Ki yi min addu'a."

Yayyafi na sauka a kan kwano.

Roseline ce ta fara motsi. Ta ɗaga yatsu tana lissafi.

"Ya sauka Kano ƙarfe uku. A ce ya gama da kaya ƙarfe huɗu. Ya yi salla, ya je tasha. Motan farko in ya cika ƙarfe shida ko shida da rabi..." Ta dubi agogon hannunta. "Mama, yanzu sha ɗaya da kwata."

"Wato yana ina?"

"In ba su tsaya cin abinci a hanya ba, ya wuce unguwan Mista Ali. Yana iya kasancewa a cikin gari."

Hussaina ta yi tsalle ta miƙe.

"Yaya na Jos! Inna, Yaya na Jos!"

"Rufe min baki, kada matan nan su ji kafin mai gidan!" Amma ita ma Inna ta miƙe, tana neman takalminta, ga shi kuwa a ƙafarta.

"Ni fa?" in ji Madina daga cikin waya, tana dariya tana kuka. "Ni da na shirya zuwa Alƙahira ɗauko mutum, mutumin yana nan Farar Gada!"

"Ke dai kin iya aike," in ji Roseline, ta riga ta hau danne-danne. "Wata uku ina roƙonki. Yanzu fa? Kai tsaye ko turare?"

"Kai tsaye! Roseline, kai tsaye, don girman Allah!"

"Ƙafan ba zai kumbura ba?"

"Ya kumbura ya fashe!"

"To. Ƙarfe goma na dare, yau. Yau ɗin nan da muke ciki. Mama, wane dare ke nan?"

"Daren Asabar."

"Kin ji. Zan rubuta miki da kwanan wata, da Turanci, da Hausa, in kina so har da Birom." Ta danna, ta jira, ta tafa hannu. "Ya shiga. Kujeranki na bakin taga."

Madina ta sauke ajiyar zuciya. Sai kuma fuskarta ta canza.

"Inna. Baba."

Dariyar ɗakin ta tsaya.

"Ni ce zan fara shiga in yi masa magana. Haka muka shirya. Na yi wata guda ina tsara abin da zan faɗa. Yanzu ba wanda ya gaya masa komai."

"Yana shago?" Inna ta tambayi Hussaina.

"Tun safe. Yana ƙarasa rigar waliyyi, ya ce kada a dame shi sai lokacin masallaci."

Shagon Malam Uzairu a zauren gidan yake. Duk mai shigowa ta gabansa zai wuce.

Inna ta gyara ɗaurin zaninta, ta yafa mayafi.

"Shekara shida ban tayar masa da maganar nan ba. Duk Sallah in saƙo ya shigo, sai in ajiye wayar kusa da abincinsa in fita. In na dawo sai in tarar an juya ta. Bai taɓa cewa komai ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba."

"Me za ki ce masa, Inna?" in ji Madina.

"Ban sani ba. Kafin in kai zaure Allah zai ba ni."

"Kada ku kashe wayar. Hussaina, riƙe ni, ki bi ta."

"Da wane hannun?"

"Kawo," in ji Roseline, ta karɓa.

Suka fito a jere, Inna a gaba, Roseline na biye da waya a ɗage, amarya a baya tana tafiya a kan dunduniya. Matan da ke suya suka bi su da kallo. Wata ta ce, "Ina zuwa haka da amarya cikin ruwa?"

Daga bakin ƙofar da ta raba tsakar gida da zaure ana jin keken ɗinki na tafiya, tsayawa, tafiya. Inna ta tsaya a bayan labule. Ta ɗaga hannu za ta yaye, ta sauke. Ta sake ɗagawa.

A waje aka ji tsayuwar Keke Napep. Aka sauke wani abu mai nauyi a ƙasa. Keken ya ja ya tafi.



Sai wata murya, ƙasa-ƙasa, kamar mai ita ya daɗe bai yi amfani da ita ba.

"Assalamu alaikum."

Inna ta damƙe hannun Roseline har wayar ta kusa faɗuwa.

Keken ɗinki bai tsaya ba.

"Wa alaikumus salam," in ji Malam Uzairu. "In ɗinki ne sai bayan biki. In kuma 'yan kawo kujeru ne, ku zagaya ta baya."

"Ba ɗinki ba ne."

"To wane ne?"

Hussaina ta cusa fuska a bayan Inna. A cikin waya Madina ta toshe bakinta da hannu biyu.

"Baba, ni ne."

Keken ɗinkin ya tsaya.

Aka ji ƙarar kujera ta ja baya. Aka ji takun mutum ɗaya daga waje, ya ɗaga ƙafa zai hau dokin ƙofa.

"Tsaya nan," in ji Malam Uzairu. "Kada ka motsa daga inda kake."

Takun ya tsaya.

"Tabawa!"

Ya sake kira.

"Tabawa! Na san kina bayan labulen nan. Kawo min ɗaya tabarau ɗin, na ganin nesa. Yi sauri!"